Rashin ƙiba ba shi ne lafiya ba

A kasuwanninmu na kan iyaka, daga Ƙonni da Illela har Ɗan Isa da Jibiya, in aka yi zancen ciwon sukari sai kowa ya waiwayi alhaji mai tumbi. Siriri kuwa gani yake yi shi ya tsira. Wannan zato ne da ke cutar da mu, domin ciwon sukari da hawan jini ba sa duba faɗin riga.

Mu dubi yadda wuninmu yake a rumfa. Da safe shayi da burodi. Kafin azahar an kawo fanke ko cincin. Rana ta take, a buɗe lemon kwalba. Da la'asar ga biskit, ga alewa, ga butar shayi a kan gawayi, dahuwa uku, kowace da nata sukari. Ba mu lissafa waɗannan a cikin abinci ba, cewa muke yi motsa baki ne kawai. Amma jiki yana lissafi.

Duk lokacin da sukari ko fulawa suka shiga ciki, sukarin jini yakan hau, sai jiki ya saki sinadarin insulin don ya sauke shi. In ana yin haka safe da yamma shekara da shekaru, mutum kuma yana zaune bai motsa ba, jiki yakan rage jin insulin ɗin. Kitse sai ya taru a hanta da kewayen hanji, inda ido ba ya gani. Shi ya sa za ka ga mutum hannuwa sirara, sikeli bai nuna komai ba, alhali ciwo ya fara aiki.

Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke sha a wuni ya wuce kimanin giram 50, in ma ya tsaya a 25 ya fi. Lemon kwalba ɗaya mai santilita 33 yana ɗauke da wajen giram 35. A haɗa da na shayi, a ga inda muka kai. Hukumar ta kuma bayyana a 2022 cewa fiye da rabin masu ciwon sukari a Afirka ba su san suna da shi ba.

Ba muna cewa a kori masu talla ba ne, su ma abincinsu suke nema. Abin da muke saye shi suke kawowa. In muka nemi gyaɗa, dafaffen ƙwai, yalo, aya ko karas, gobe su za mu gani a kan faranti. Mu ci abinci mu ƙoshi a kan lokaci, tsakani mu sha ruwa. Mu rage sukarin shayi da rabi. Mu riƙa tashi muna zagayawa, maimakon aiken yaro kullum.

Ga awo mai sauƙi: a auna tsayi da igiya, a ninka ta biyu. In ba ta zagaye ciki daidai cibiya ba, a kula. Wanda ya kai arba'in, ko akwai ciwon a danginsa, ya je gidan likita da safe kafin ya karya kumallo a auna masa jini.

Ɗan kasuwa ba ya barin mako ya wuce bai ƙirga jarinsa ba. To, jarin farko shi ne lafiya, kuma kuɗin awo bai kai kuɗin maganin wata guda ba. Allah ya ƙara mana lafiya da kasuwa mai albarka.