Gano Cuta Kafin Magani: Darasi Daga Uwar Garken Knight Capital

Idan uwar garken kamfani ta mutu, nan take kowa zai sani. Matsalar da ta fi ɓarna ita ce ta aiki: na'ura tana kunne, manhaja tana amsa umarni, alhali abin da take aiwatarwa ya saɓa wa abin da aka nufa.

A ranar 1 ga Agusta, 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital da ke Amurka ya ɗanɗana kuɗarsa. An ɗora sabuwar manhaja a kan uwayen garke bakwai, aka manta da ta takwas. A cikinta ne wata tsohuwar manhaja da aka yi watsi da ita ta farfaɗo, ta dinga aika odar ciniki babu ƙaƙƙautawa. Tun kafin buɗe kasuwa, tsarin ya fitar da saƙonnin imel 97 masu nuni ga kuskuren, amma ba a ɗauki mataki ba. Da abu ya dagule, injiniyoyi suka cire sabuwar manhajar daga sauran bakwai ɗin, ɓarnar ta ƙaru. Cikin minti 45, asara ta haura dala miliyan 400.

Saboda haka, wajibi ne kowace ma'aikata ta rubuta matakan bincike tun kafin matsala ta auku. A fara dakatar da aikin da ke jawo asara. Sannan a tambayi abin da aka sauya kwanan nan, a kwatanta uwayen garken da juna, a karanta kundin bayanan aikinsu. Injiniyan da ya taɓa na'ura kafin wannan, kirdado kawai yake yi da dukiyar jama'a.