Shekara 12 Kafin a Janye Ƙarya: Abin da Ya Faru a Mujallar Lancet

'Yan'uwa, yawancinmu ba ma karanta mujallun likitoci, amma abin da aka buga a cikinsu yana iske mu har gida. Da shi likita yake zaɓen maganin da zai rubuta, da shi gwamnati take tsara rigakafi. A shekarar 2023 kaɗai an janye rahotannin bincike fiye da 10,000 a duniya, kamar yadda mujallar Nature ta ruwaito. Wannan ya sa ya kamata mu fahimci yadda ake kama maguɗi, da abin da jinkiri yake jawowa.

A watan Fabrairu na 1998, mujallar Lancet ta Birtaniya ta buga rahoton Dakta Andrew Wakefield da abokan aikinsa na asibitin Royal Free a Landan. Yara 12 kawai suka duba, amma rahoton ya sa mutane zargin cewa allurar MMR, wadda take kare yara daga ƙyanda da hangum da rubela, tana da alaƙa da lalurar galahanga. Iyaye suka tsorata. Yawan yaran da ake yi wa allurar a Ingila ya sauka daga kusan kashi 92 cikin ɗari zuwa kusan kashi 80. Ƙyanda ta dawo. Mu da muka san abin da ƙyanda take yi wa yara ba sai an yi mana bayani ba.

A 2004 ɗan jarida Brian Deer ya tono cewa Wakefield ya karɓi kuɗi ta hannun lauyan da yake shirin kai kamfanonin allurar ƙara, bai kuwa bayyana wannan a rahoton ba. A shekarar nan goma daga cikin marubutan suka janye fassarar da aka yi wa sakamakon. Duk da haka mujallar ta bar rahoton. Sai a Janairun 2010 hukumar kula da likitoci ta Birtaniya ta same shi da rashin gaskiya, da yi wa yara gwaje-gwaje masu zafi ba tare da izinin da ya dace ba. A Fabrairu Lancet ta janye rahoton, a Mayu aka ƙwace lasisinsa.

Ina kuskuren yake? Da farko, masanan da suke tantance rahoto kafin a buga shi ba sa ganin ainihin fayil ɗin marasa lafiya. Abin da marubuci ya rubuta suke dubawa, tsarin kuwa a kan amana yake tsaye. Na biyu, mujalla da asibiti suna da sunan da suke karewa, wanda yake da abin asara kuwa ba ya saurin binciken kansa. Shi ya sa ƙungiyar editoci ta COPE, wadda aka kafa a 1997, take neman marubuci ya bayyana wanda ya biya shi, edita kuma ya bi zargi har ƙarshensa.

An ɗan koyi darasi. A Mayun 2020 Lancet ta buga wani rahoto a kan maganin korona, mai dogara da bayanan kamfanin Surgisphere. Da kamfanin ya ƙi ba masu bincike damar duba bayanan, cikin mako biyu aka janye shi.

Janye rahoto alama ce ta gyara, ba dalilin ƙin likitoci ba ne. Manyan bincike a kan dubban ɗaruruwan yara, har da na ƙasar Denmak, ba su sami alaƙa tsakanin allurar da galahanga ba. Sai dai ƙarya tana riga gyara isa kunne. Kafin ka tura saƙon "bincike ya nuna" a WhatsApp, ka tambaya: mutum nawa aka duba, wa ya biya kuɗin, wasu masana sun tabbatar? In ba ka da amsa, ka riƙe saƙon, ka tambayi ma'aikacin lafiya.