Abincin bukin kaka

Cikin watan Oktoba kaka take kamawa a ƙasar Maraɗi da Damagaram. An yanke hatsi, an ɗaure dammuna, rumbu ya cika. Lokacin nan ne ake yawan bukukuwa, dangi su taru su ci abinci wuri ɗaya.

Wasu masu gida suna ganin buki bai yi armashi ba in babu shinkafa da makaroni. Sai su kwashi hatsi su kai kasuwa, alhali da kaka hatsi araha gare shi. In damana ta kusa, rumbu ya yi ƙasa, sai su koma su sayi hatsin nan da tsada. Wannan ba dabara ba ce.

Abincin buki yana nan cikin gida. Tuwon sabon hatsi da miyar ɗanyar kuɓewa ba ya jin kunya gaban kowane baƙo. Zabi biyu sun isa miyar. Kusa da tuwo a aje kwaɗon zogale, wanda aka haɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan tonka. A kawo dafaffar kabewa da dafaffen wake da gujiya. Wake da ƙuli-ƙuli suna gina jiki, zogale da kabewa kuwa suna taimakon ido. Yara su, in an soya masu fara da gishiri, nama ma mantawa suke yi da shi.

Kada kuma a manta da fura da nono. Tsoho ko an cika masa akushi da shinkafa, sai ya tambaya ina fura take.