Kafin ka cika sabuwar kwamfutarka da manhajojin cike giɓi

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10. Kwamfutar da ke ɗauke da ita tana nan tana kunnuwa kamar kullum, sai dai gyare-gyaren tsaro sun tsaya, in ban da ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi, wanda shi ma na ɗan lokaci ne. Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗa, ciki har da wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar sarrafawa ta zamani, abin da ya sa tsofaffin kwamfutoci da yawa ba za su ɗauke ta ba.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Kazaure gari ne na ɗalibai: ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, ga cibiyar koyar da fasahar sadarwa da aka fi sani da Informatics, wadda aka kafa a zamanin Gwamna Saminu Turaki. Babura ma ta samu Jami'ar Fasaha ta Tarayya. Kwamfutocin da ke hannun ɗalibai da malamai da masu shagunan buga takardu galibi na hannu ne, waɗanda aka sayo a Kano bayan sun gama wani zamani a ƙasashen waje. Don haka mutane suka fara ƙaura. Mai ƙaramin ƙarfi ya sa Linux Mint ko Ubuntu a tsohuwar na'urarsa, mai ɗan hali ya sayi MacBook.

Duk wanda ya yi wannan ƙaura ya san abin da ke faruwa a makon farko. Hannu yana kai wa inda ya saba, ya tarar babu kowa. Nan take sai a shiga intanet neman ƙaramar manhajar da za ta dawo da abin da aka rasa. Ni ma na yi hakan. Cikin kwana uku na sauke manhajoji fiye da goma, wasunsu daga shafukan da ban san masu su ba. Batirin da ke kai ni yamma ya koma mutuwa kafin azahar, kuma wata rana ina tsakiyar rubuta rahoto na'urar ta daskare, ban san wacce daga cikinsu zan zarga ba. Ra'ayina tun daga lokacin shi ne: giɓin da ya hana ka aiki ne kaɗai ya cancanci manhajar waje. Wanda ya saɓa wa sabonka kawai, ka ba hannunka mako biyu ya koyi sabuwar hanya.

Mafi yawan abin da muke kira rashi, rashin sani ne. Wanda ya koma Mac yakan ce ba a iya yanke fayil a kai shi wani wuri. Ana iyawa: ka kwafa da Command da C, ka sauke da Command da Option da V. Jera tagogi biyu gefe da gefe, wanda Windows 7 ta kawo tun 2009, ya daɗe yana tura masu Mac ga manhajoji irin su Rectangle, amma tun fitowar macOS Sequoia a 2024 tsarin yana yin hakan da kansa. Linux Mint ma tana yi ba tare da ƙarin komai ba. Haka batun filashi: Mac yana karanta wanda aka tsara da NTFS amma ba ya rubutu a kansa. Kafin ka sayi manhajar da za ta warware wannan, ka kwashe fayilolinka ka sake tsara filashin da exFAT, wanda Windows da Mac da Linux duk suke karantawa kuma suke rubutu a kai.

Akwai kuma giɓin gaske. A wurinmu babu wanda ya kai na haruffa masu ƙugiya: ƙ da ɗ da ɓ, da kuma ƴ ga masu bin ƙa'idar rubutun Nijar. Wanda ya rubuta "baki" yana nufin "baƙi", ko "kasa" yana nufin "ƙasa", ya bar wa mai karatu aikin hasashe, kuma a takardar kotu ko sanarwar asibiti hasashe na iya jawo ɓarna. Windows tana da tsarin madannai na Hausa, Linux ma tana da shi a cikin jerin na Nijeriya, sai dai mutum ya shiga saituna ya kunna. Wanda bai gamsu da su ba, ko yake aiki a kan na'urori daban-daban, yana da Keyman, manhajar kyauta ta ƙungiyar SIL, wadda ke aiki a Windows da Mac da Linux da wayoyi. Irin wannan ƙari ne nake goyon baya, domin yana magance matsalar da ke taɓa ingancin aikin kansa.

Wani misalin shi ne ɗalibin da aka ce ya rubuta kundinsa da Times New Roman. Linux ba ta zuwa da wannan salon rubutu, amma LibreOffice tana da Liberation Serif, wanda aka ƙera da faɗin haruffa iri ɗaya don kada shafuka su goce, kuma ana iya sauke na asalin daga ma'ajiyar tsarin. Mai shagon da ke zana katin ɗaurin aure da CorelDRAW kuwa gara ya sani tun kafin ya goge Windows cewa manhajar ba ta da nau'in Linux. Ko dai ya koyi Inkscape, ko ya bar na'ura ɗaya a kan Windows.

Me ya sa nake tsaurara wa manhajojin waje? Saboda irin izinin da suke nema. Manhajar da ke adana tarihin abin da ka kwafa tana ganin lambar asusunka da kalmar sirrin da ka kwafa. Wadda ke sauya aikin madannai tana ganin duk harafin da ka danna. Wadda ke jera tagogi a Mac sai ka ba ta ikon sarrafa na'urar. Ko manhajojin da aka yarda da su ba su tsira ba. A watan Mayu na 2017, ɓarayin intanet sun sauya fayil ɗin HandBrake na Mac a ɗaya daga cikin wuraren saukewarta da wanda ke satar bayanai. A shekarar ce kuma aka gurɓata CCleaner, mutane fiye da miliyan 2 suka sauke gurɓataccen nau'in. A watan Maris na 2024, wani injiniya mai suna Andres Freund ya gano ɓoyayyiyar ƙofa da aka dasa a XZ Utils, ƙaramar manhajar da tsare-tsaren Linux da dama suka dogara da ita. Idan haka ta faru ga sanannu, ina ga wadda aka tura maka ta WhatsApp, ko wadda mai gyara ya zuba maka daga filashinsa? Garin neman gira ake rasa ido.

Wani zai ce lokaci kuɗi ne, kuma akawun da ya shekara goma sha biyar da sabo ɗaya ba shi da mako biyun ɓatawa. Hujja ce mai ƙarfi, kuma ban ce a haramta ƙari ba. Abin da nake nema shi ne tambayoyi uku kafin kowace saukewa. Shin tsarin ba ya yin wannan da kansa? Daga ina manhajar ta fito: ma'ajiyar tsarin, shafin masu ita, ko wani wuri? Izinin da take nema ya yi daidai da aikinta? Wadda ta tsallake ukun, a sa ta. Ga malamin da ke Gwiwa ko ma'aikaciyar lafiya da ke Roni, kowace manhaja ƙarin data ce wajen sabuntawa, ƙarin cin batiri ne a inda wuta ba ta da tabbas, kuma idan na'urar ta rikice wataƙila sai an yi tafiya zuwa Kazaure ko Kano neman mai gyara.

Manyan makarantunmu na Kazaure da Babura za su iya sauƙaƙa wannan da ƙaramin aiki: takarda mai shafi biyu da Hausa, wadda ke nuna yadda ake kunna madannan Hausa a kowane tsari, da gajeren jerin manhajojin da malaman kwamfuta suka tantance. Ɗalibin aji biyu zai iya haɗa ta a matsayin aikin zango, a raba wa shagunan buga takardu.

Ni dai daga goma da wani abu na dawo biyu: ta haruffan Hausa da ta adana abin da na kwafa, ita ma na saita ta kada ta riƙe kalmomin sirri. Ka buɗe jerin manhajojin da ke tashi tare da kwamfutarka yau, ka cire duk wadda ba za ka iya faɗin aikinta da inda ta fito ba.