Alkawarin Tenesi da 'Ya'yanmu na Zango

Yau za mu leƙa Amurka ne, amma maganar tamu ce, don haka a daure a karanta har ƙarshe.

A Amurka akwai wasu makarantu da ake kira kwalejojin al'umma. Karatun shekara biyu ake yi a cikinsu, kusan kamar difloma ta farko a kwalejin kimiyya da fasaha ta nan gida. A nan ake koyon aikin jinya, walda, gyaran lantarki, kwamfuta da lissafin kuɗi, wanda kuma yake son digiri sai ya wuce jami'a ya ƙarasa sauran shekara biyun. Yawancin ɗalibansu 'ya'yan talakawa ne da 'ya'yan baƙi da masu aiki da rana suna karatu da dare.

A shekarar 2014 gwamnan jihar Tenesi na lokacin, Bill Haslam, ya fito da wani shiri mai suna Alkawarin Tenesi, ɗaliban farko suka shiga a 2015. Abin da aka ce shi ne: duk yaron da ke zaune a jihar, ya gama sakandare a cikinta, zai yi shekara biyu a kwalejin al'umma ko makarantar koyon sana'a ba tare da ya biya kuɗin makaranta ba. Sharuɗɗan kaɗan ne. Yaro zai cike takardar neman tallafin gwamnatin tarayya, a haɗa shi da wani babba ɗan sa kai da zai riƙa bibiyarsa, ya yi wa al'umma aikin sa kai na awa 8 a kowane zangon karatu, kuma kada makinsa ya faɗi ƙasa da abin da aka yanka. A 2018 suka buɗe wa manya da suka daɗe da barin makaranta irin wannan ƙofar. Shugaba Obama ya so a yi wa ƙasar baki ɗaya haka a 2015, majalisa ba ta amince ba, sai jihohi suka ci gaba da yin nasu, kowace da tsarinta.

To, ina ruwan Bahaushen Agege ko na Sabon Ibadan da wannan? Ruwanmu shi ne tambayar da ake yi wa yaro. A Tenesi ana tambayar ɗan ƙasa: ina kake zaune, ina ka yi makaranta? Ba a tambayarsa garin kakansa. Mu kuwa a nan, tambayar farko ita ce ina takardarka ta indijin. An kafa Sabon Ibadan tun 1916. Akwai gidajen da kaka da uba da jika duk a nan aka yanke musu cibiya, suna jin Yarbanci kamar jakin Kano da Hausa, suna biyan haraji a nan, suna jefa ƙuri'a a nan. Amma in aka zo tallafin karatu na jiha, sai a ce na 'yan asali ne, a makarantun jihohi da dama ma kuɗin baƙo ya fi na ɗan gida. Yaro ya juya Arewa, can kuma a ce wa ya san ka, wane mai unguwa ne zai sa maka hannu? Ya zama jemage, ba ya tsuntsu ba ya dabba. Kuma a faɗi gaskiya, ɗan Ibon da aka haifa a Sabon Garin Kano shi ma haka yake fama. Cutar ta ƙasa ce gaba ɗaya.

Na san wasu za su ce sai mu ci gaba da kuka har a gyara doka. A ci gaba, haƙƙinmu ne. Sai dai yaron da ya gama sakandare bana ba zai jira majalisa ba. Kafin a gama muhawara ya riga ya kama acaba ko dako a kasuwa. Shi ya sa asalin waɗannan shirye-shiryen ya fi burge ni. Na Tenesi ba a ofishin gwamna ya fara ba. A 2008 ya fara a gundumar Knox kaɗai, da kuɗin da wasu masu hali na yankin suka tara, sai da aka ga amfaninsa gwamnati ta ɗauka. Kafin shi, a 2005, wasu bayin Allah da suka ɓoye sunansu sun yi wa yaran makarantun gwamnati na garin Kalamazu, a jihar Mishigan, alkawarin biyan kuɗin karatun gaba da sakandare. Wanda ya fara tun daga ajin yara za a biya masa duka, wanda ya shigo a aji 9 a biya masa kashi 65 cikin 100. Ma'aunin shi ne daɗewarka a garin.

Abin da ke aiki a nan shi ne kalmar alkawari. Taimakon da muke yi a zango na ganin dama ne: yaro ya samu gurbi, mahaifiyarsa ta bi gidajen alhazai, wani ya ba da, wani ya ce a dawo gobe, har wa'adin rajista ya wuce. Amma in yaro ɗan aji ɗaya na sakandare ya san cewa kuɗinsa na ajiye suna jiransa, karatunsa zai bambanta, uban ma zai yi tunani sau biyu kafin ya cire shi ya kai shi rumfa, ko ya aurar da 'yarsa tana tsakiyar karatu.

Ba na cewa tsarin Amurka ba shi da aibi. Na Tenesi cikon giɓi ne kawai: sai an fara cire tallafin tarayya da ake ba marasa ƙarfi, abin da ya rage shi jiha ke biya. Ka ga ke nan yaron da ya fi kowa talauci, wanda tallafin tarayya ya riga ya rufe masa kuɗin makaranta, ba ya samun ko sisi daga kuɗin makarantar da shirin ke biya, alhali littattafai da kuɗin mota da abinci suna nan a wuyansa. Duk wanda ke zaune a Ikko ya san kuɗin mota kaɗai ya isa ya kori yaro daga makaranta. Sannan asusun nasu daga ribar cacar jiha aka kafa shi, mu kuwa ba mu da buƙatar wannan, muna da sadaka da waƙafi.

Akwai kuma bashin ɗalibai na gwamnatin tarayya, NELFUND, da aka buɗe a 2024. Babu ruwa a cikinsa, ba a ware 'yan wata jiha ba, kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya. Ina ba yaranmu shawara su nema. Amma bashi ne, kuma sai wanda ya riga ya shiga makaranta yake samu. Namu yaran tun a kuɗin WAEC da JAMB suke zubewa.

Ga shawarata. Kowane zango, daga Idi-Araba zuwa Sabon Shagamu zuwa Ama Hausa ta Owerri, ya kafa asusunsa a ƙarƙashin Sarkin Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa. Mu yi lissafi na misali: 'yan kasuwa 500, kowa naira 2,000 a wata, miliyan 12 ke nan a shekara. Kada a fara da digiri. A fara da kuɗin jarrabawa da karatun shekara biyu a wurare irin su Yaba Tech da Poli ta Ibadan da makarantun kiwon lafiya, a haɗa da kuɗin mota. Sharaɗin shiga shi ne zama a unguwar da yin makaranta a cikinta, mace da namiji daidai. Kada mu ma mu koma tambayar wane ne Bakano, wane ne Bazazzagi ko Babarbare, mu zama masu yin abin da muke kuka da shi. Kowane ɗalibi a haɗa shi da wani ma'aikaci daga cikinmu da zai riƙa duba sakamakonsa, shi kuma ya riƙa koyar da ƙannensa a Islamiyya ranar Asabar.

Masu cewa za a cinye kuɗin suna da hujja, don mun ga ƙungiyoyi da yawa sun mutu a kan haka. Maganinsa asusun banki mai sa hannun mutum uku, a biya makaranta kai tsaye, a karanta lissafi a masallaci bayan Juma'a duk wata uku. Masu cewa ai gida za mu koma kuwa, kakanninmu ma haka suka ce, ga kaburburansu nan a Kudu.

Wanda yake da ta cewa, ko zangonsu ya taɓa gwada irin wannan, ya rubuto mu ƙaru. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu ikon cika alkawari. Wassalam.