Tsohuwar Mota Ma Dukiya Ce

Jama'a, a shekarun 1970 da 1980 Turawa sun riƙa ƙetaro hamada da Peugeot 504, su biyo ta Tamanrasset da Assamaka, su sayar a Arlit. Wanda har yau yake riƙe da irinta, ko tsohuwar Land Cruiser mai jigila tsakanin Dannet da Agadas, jari ne a hannunsa, balle tun da COMINAK ta rufe a 2021.

To, wace inshora ta dace da ita? Dokar CIMA, wadda ta soma aiki a 1995, ta wajabta inshorar da ke biyan wanda ka yi wa ɓarna ne kurum. In motarka ta kife ko ta ƙone, ba ka da ko dala. In ma ka ƙara kuɗi don kare motar, da tsufanta za a yi lissafin diyya.

Saboda haka a nemi ƙwararre ya ƙiyasta darajarta, a rubuta adadin cikin yarjejeniya kafin a sa hannu. Kamfanin da ya ƙi, a nemi wani. Hukuma kuma ta sa ido, kada talaka ya yi ta biya, ranar asara a bar shi da takarda.