Zuciya, Hanta da Ƙoda: Duwatsun Murhu Uku

A littafin ilmin halittu na sakandare kowace gaɓa da babinta, amma a gadon asibiti abin ba haka yake ba. Zuciyar baligi tana tura jini kimanin lita 5 a minti guda. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wannan jini yana bi ta hanta, kashi ɗaya cikin biyar kuma ta ƙoda. Idan zuciya ta gaza, jini kan taru a hanta har ta kumbura. Ƙoda kuwa, da ta ji jini ya ragu, sai ta ɗauka jiki na cikin ƙishirwa, ta riƙe gishiri da ruwa, nauyin ya sake komawa kan zuciyar da ta riga ta gaji.

Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin wannan. A shekarun 1970, likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Davidson da Parry, sun yi nazarin gazawar zuciya ga masu jego, suka zargi kunun kanwa da wankan ruwan zafi. Binciken baya-bayan nan a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, amma har yanzu kanwa gishiri ce, kuma gishiri ruwa yake tarawa.

Wahalar likita a nan take. Maganin sa fitsari, irin su furosemide, yana sauke kumburi, amma in ya yi yawa ƙoda ta bushe. Ƙarin ruwa, wanda 'yan uwa kan matsa a yi wa kowane majinyaci kamar shi ne shaidar kulawa, yana iya cika huhun mai ciwon zuciya cikin dare ɗaya. Diclofenac da ake saye a kemis don ciwon gaɓoɓi yana rage jinin da ke isa ƙoda, hantar da ta raunana kuma ba ta iya sarrafa jiƙo da sassaƙe yadda ta saba.

Saboda haka, ga majinyacin da aka ɗauko daga Baure ko Zango ko Mai'aduwa zuwa asibiti a Daura, abin da ya fi gaggawa ba injin wankin ƙoda ba ne, duk da amfaninsa. Sikeli ne da za a auna shi kowace safiya, domin ƙarin kilo ɗaya a kwana yana nufin kusan lita ɗaya ta ruwa. Sai mazubi mai lamba na auna fitsari, da gwajin jini na creatinine da potassium wanda sakamakonsa zai fito a ranar, da likita guda mai duba dukkan magungunan a takarda ɗaya. Waɗannan ne ke nuna wanda ya kamata a tura Katsina ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano tun yana iya jure tafiyar.

Ɗalibai na da nasu aikin, tun da sau da yawa su ne masu karatu a cikin masu jinya. Su tattaro duk abin da mara lafiya ya sha a gida, na kemis da na gargajiya, su ajiye gaban likita tun ranar farko, kuma su riƙa rubuta yawan ruwan da ya sha da fitsarin da ya yi.